Akwatin Ƙarfen da Na Ƙera wa Intanet

Laifina ne, daga farko har ƙarshe. Gara in faɗi haka tun yanzu kafin bakina ya fara kawo uzuri, don na san halina. Abin da ya faru tsakanina da maƙwabcina Malam Buba ba zai taɓa fita daga raina ba, ko da mutanen unguwarmu sun gaji da tsokanata sun daina (har yanzu dai ba su gaji ba).

Ni mai walda ne a garin Gummi. Ƙofofi nake yi, da tagogi, da gadaje, da akwatunan ƙarfe irin waɗanda 'yan kasuwa ke kulle kaya a ciki. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na fita, amma a harkar ƙarfe ban ga wanda zai koya mini ba. Har sunana ya ɓace a unguwa, kowa Mai Walda yake ce mini.

Na sayi na'urar intanet ta gida, irin wadda ake sa wa layin waya a ciki ta riƙa raba wa wayoyin gida, saboda dalili biyu. Na farko, masu ba ni aiki yanzu hoto suke turowa, su ce ga irin ƙofar da suka gani a wani gida a Gusau, ita suke so. Na biyu, ƙanena yana aiki a Saudiyya, kuma Inna ba ta yarda yana lafiya sai ta ga fuskarsa ta auna kumatunsa da idonta. Da na kawo na'urar, a bakin tagar falo na ɗora ta, don nan ne kusa da wutar sola. Wata biyu tana aiki kamar ruwan famfo. Inna ta ga ɗanta, ta ga ɗakinsa, har ta yi masa faɗa kan bai gyara shimfiɗa ba.

Sai ɓera ya ci wayar cajinta. Na sayo wata. Bayan kwana kaɗan na dawo daga shago na tarar da ɗiyata Asma'u, mai shekara uku, ta sauko da ita tana jijjigawa, wai rediyon ya ƙi magana. A makon kuma aka haura wani gida a bayan layinmu aka kwashe wayoyi. Wani mutum da ya ga haka zai ɗaga na'urar sama kawai inda hannun yaro ba ya kai. Ni kuwa mai walda ne, kuma duk matsalar da ta zo gabana sai in ga kamar ƙarfe take nema.

Na ɗauki ragowar fallen ƙarfe mai kauri da ya saura daga wata ƙofar shago, na yanka, na haɗa akwati mai murfi. Na goge bakin walda har ya yi sumul, na shafa masa koren fenti, na yi masa wurin kwaɗo. Rami ɗaya na bari, daidai wucewar wayar caji, don ko ɗan ɓera kada ya samu hanya. Na kai shi ƙuryar ɗakina, ƙasa-ƙasa a bayan kabad, na kafe shi a bango da ƙusoshi huɗu. Na sa na'urar a ciki na datse, na haɗa makullin da na babur ɗina. Ranar har kiran matata Sa'ade na yi ta zo ta gani. Ta duba, ta ce ya yi kyau, amma ita abin ba ya shan iska? Na ce mata ba akuya ba ce.

A daidai wannan makon Malam Buba ya tare a gidan da ke jikin namu. Bafulatani ne daga wajen Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, ya baro can da matarsa da 'ya'yansa uku saboda rashin kwanciyar hankali, ya bar sauran shanunsa a hannun yayansa. A kasuwa yana da ɗan teburin maganin dabbobi. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya gaishe ka sai ya ɗan rusuna ko da ka girme shi da kwana ɗaya ne. Kullum bayan la'asar sai ya fito da buzunsa ya shimfiɗa a gindin katangata, ya zauna ya kara waya a kunne, ya sauke ya latsa, ya sake karawa. Haka har magariba.

Intanet kuwa ya lalace. Hoton ƙofa ɗaya sai ya yi ta juyi har in gama cin tuwo bai buɗe ba. In ƙanena ya kira, fuskarsa ta tsaya cak da baki a buɗe, Inna ta yi ta tambaya ko ciwon farfaɗiya ya kama shi. Na ƙara data, ba canji. Na kira kamfanin layin, wata mata mai muryar rarrashi ta ce daga wajensu komai lafiya, ta tambaye ni a ina na ajiye na'urar. Na ce a wuri mai tsaro. Ta ce to madalla. (Ban ga laifinta ba. Da ta san irin tsaron da nake nufi, da ta ƙara tambaya.)

Wata rana na dawo da wuri, ina tsaye a ƙofar gida ina fama da wani hoto, sai idona ya faɗa kan Malam Buba a gindin katanga, yana latsa waya yana murmushi. Nan take lissafin ya haɗu a kaina. Yaushe abin ya lalace? Makon da ya tare. Ina yake zama? Jikin bangona. Me yake yi? Latsa waya. Ban tsaya na tambayi kaina me kuma ya faru a wannan makon ba, alhali makullin abin yana cikin aljihuna.

Na canza lambar sirri. Ba canji. Na sake canzawa, na sa wata doguwa wadda ni kaina sai da na rubuta a bayan kalanda. Ba canji. Sai na ce lallai mutumin nan gwani ne, yana karya lambar. Daga nan na yi abin da har gobe in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa. Na yi tunani cewa tunda ta bango yake jan intanet ɗin, bari in toshe masa hanya. Na kwance akwatin na kai shago, na ƙara masa wani fallen ƙarfe ta ciki, ya zama riɓi biyu, na maido na kafe. Abin ya ƙara mutuwa, sai ka tsaya a jikin kabad ɗin kafin saƙo ya fita. Maimakon in farga, sai na ce wa Sa'ade ta ga ni, ya ji na toshe shi ya ƙara ƙarfin nasa injin. Ta ce in gwada fito da na'urar na yini ɗaya mana a gani. Na ce in fito da ita ai na miƙa masa ke nan a faranti.

Da abin ya tsaya a cikin gida, da wauta ce kawai, a yi dariya a wuce. Amma na kai shi majalisa.

Akwai dakalin da muke zama kusa da masallacin unguwa bayan la'asar, mu bakwai ko takwas. Ranar ana hirar tsadar taki, ni kuwa zuciyata na tafasa don wani mai aiki ya fasa ba ni ƙofa saboda na kasa buɗe hoton da ya turo. Sai na ce, "Wanga baƙon namu, ku lura da shi. Ta bango shika shiga na'urata da wayarshi. Sau biyu ina canza lambar sirri, duk shina karyawa."

Wani dattijo mai sayar da hatsi ya tambaye ni, tunda yana iya shiga na'ura ta bango, ko yana iya shiga wayoyin mutane ya ji abin da suke faɗa. Gaskiyar amsar ita ce ban sani ba. Amma duk mutanen dakalin suna kallona a matsayin wanda ya san kan injuna, sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Mi zai hana?"

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai iya ɗaukar wannan ƙaramar magana ce. Mu kuwa mun san ba haka ba ne. Mun sha jin an tare mutum a hanyar Anka a ranar da ya sayar da shanu, ko an je gidan wanda kuɗi suka shigo masa jiya-jiya, kuma kowa ya san wani ne a cikin gari ke ba da labari. Mutane a tsorace suke, kuma mai tsoro ba ya tsayawa bincike. In aka ce baƙo yana sauraron wayoyin mutane, baƙon kuma ya fito daga daji, to an gama faɗin sauran. Na san wannan sarai. Na san shi a lokacin da nake ɗaga kafaɗar.

Cikin kwana uku maganar ta zaga ta dawo mini da ƙafafu da hannuwa. Wai yana da wani inji a ɗaki. Wai an ga yana rubuta sunayen masu shiga kasuwar shanu. Wai ni da kaina na kama shi. Ranar kasuwa ba wanda ya tsaya a teburinsa. Mai gidan da yake haya ya aika masa cewa yana son ɗakunansa ƙarshen wata. Ya daina fitowa gindin katanga, ni kuma (Allah ya yafe mini) na ɗauki hakan a matsayin shaida, duk da intanet ɗin bai gyaru da ko ƙwayar gero ba.

Rana ta huɗu na dawo cin abincin rana, na tarar da Sa'ade zaune ba ta ɗora komai ba. Ta ce matar Malam Buba ta shigo ɗazu ta maido rariyar da ta ara, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce a yafe mata in ta taɓa yin wani laifi, ta fita. Ta ce kuma Garba, shugaban 'yan sintirin unguwa, ya je da mutum biyu sun karɓe wayar Malam Buba, sun so su tafi da shi, Mai Unguwa ne ya hana, ya ce a bari sai gobe da hantsi a zauna a zaurensa.

"Baban Asma'u," ta ce, "in wani abu ya samu mutumin nan, da bakinka anka yi shi. Ka gani da idonka ko zato kaka yi?"

Na ce mata harkar maza ce. Amma abincin da ta ɗora daga baya ban iya ci ba.

Washegari zauren Mai Unguwa ya cika har waje. Malam Buba yana zaune a tsakiya a kan tabarma, hannuwansa a kan gwiwa, bai kalli kowa ba. Garba yana tsaye a bakin ƙofa da wayar a hannunsa, mutanensa a bayansa, kuma babu wanda bai lura da abin da ke rataye a kafaɗunsu ba. Mai Unguwa, dattijo ne da ya haura saba'in, ya ce in maimaita abin da na faɗa. Na maimaita, amma muryata ba irin ta dakali ba ce. Ya juya ga Malam Buba. Shi kuwa cewa ya yi bai san abin da ake kira lambar sirri ba, wayarsa kati yake sa mata kamar kowa, kuma da danginsa yake magana. Garba ya ce duk haka suke cewa, a ba su shi kawai, su sun san inda za su kai shi ya tuna.

Na ga yatsun Malam Buba sun damƙe gwiwarsa.

Mai Unguwa ya ce ba za a ba da kowa ba sai wanda ya san abin ya duba. Ashe tun da safe ya aika a kira Nasiru, mai gyaran waya a bakin kasuwa, mutum mai kimanin shekara arba'in wanda ya yi shekaru yana aikin kafa irin waɗannan na'urori a Sakkwato kafin ya dawo gida. Nasiru ya ce ba zai iya cewa komai daga nan ba, sai ya ga na'urar. Aka tashi, ni a gaba, sai Mai Unguwa, da Nasiru, da Garba, da Malam Buba a tsakiyar mutanen Garba, sauran jama'a na biye.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. A wannan 'yar tafiyar, daga zaure zuwa ƙofar gidana, addu'a nake a zuciyata Allah ya sa a same shi da laifi. Na san abin da zai biyo baya in an same shi. Duk da haka abin da ya fi damuna shi ne kada in ji kunya.

Na yi sallama, Sa'ade da Inna suka shige ɗakin Inna, mu biyar muka shiga. Nasiru ya tsaya a falo yana waige-waige, ya duba taga, ya duba saman kabad ɗin kwanuka, ya ce ina take. Na ce ya biyo ni. Muka shiga ƙurya, na sa kafaɗa na ture kabad, koren akwatina ya bayyana yana sheƙi.

Nasiru ya tsuguna. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ji ƙarar. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni," na ce.

"Aiki ya yi kyau."

Ku ji wauta, har a wannan halin sai da na ji daɗi. Na ƙara masa da cewa riɓi biyu ne. Ya tambayi dalilin riɓi biyun, na yi masa bayani dalla-dalla, a gaban kowa, cewa na ƙara na biyun ne don in tare intanet ɗin kada ya fita ta bango ya je wa Malam Buba.

"Ashe ka san ƙarfe na tare sabis," in ji Nasiru.

"Na sani mana."

"To ta ina kaka so ya shigo mata? Kuma ta ina kaka so ya fito ya iske wayarka?"

Abin da matata ta faɗa mini, abin da matar kamfani ta so ta gano, abin da ni kaina na yi amfani da shi da injin walda a hannuna, sai a lokacin ya iso kaina, kuma ya iso ne a gaban Mai Unguwa.

Nasiru ya miƙo hannu na ba shi makulli (sai da na yi ta kokawa da zoben makullin babur, kowa na jira). Ya buɗe ya ciro na'urar, ya yi saurin sauya hannu don zafinta, kamar burodin da aka fitar daga tanda. Ya miƙa wa Mai Unguwa ya taɓa. Ya ce ko ba ƙarfe, wannan zafin kaɗai ya isa ya sa ta rarrafe, kuma sa'a ce ba ta ƙone ba. Ya kai ta falo ya ɗora a bakin taga, daidai inda take tun farko, ya kashe ya kunna. 'Yar fitilar da na saba gani ja in na leƙa ta koma kore. Ya ce in buɗe hoton da ya ƙi buɗewa. Kafin in ɗaga yatsa ya buɗe.

Garba ya ce wannan ba hujja ba ce, wataƙila don wayar mutumin tana hannunsa ne. Nasiru bai yi musu ba. Ya ɗauki na'urar ya mayar cikin akwati ya rufe murfi, ya ce in sake gwadawa. Ta mutu. Ya buɗe ya fito da ita, ta dawo. Ya mayar, ta mutu. Sau uku ya yi haka, a hankali, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya, kuma duk lokacin da murfin ya rufu sai in ji kamar a kaina aka rufe shi. Daga nan ya shiga cikin na'urar ta wayarsa ya nuna wa Garba jerin duk wayoyin da suka taɓa hawa kanta. Ban da tasa da ya shiga da ita yanzu, uku ne: tawa, da ta Sa'ade, da tsohuwar wayata da na bari a shago nake dawowa da ita caji. Ita wannan tsohuwar, in ji shi, duk lokacin da ta shigo gida sai ta kama sauke bidiyon dambe daga rukunonin hira goma sha wani abu da nake ciki, ta cinye ɗan abin da ya samu ya tsallake ƙarfen. Wato ɓarawon da nake nema, in ma akwai shi, a aljihuna yake kwana.

Wani a tsakar gida ya fara dariya, ya haɗiye. Ni da an yi dariyar ma da ya fi mini sauƙi.

Garba bai saki ba. Ya ce to an ji ta akwati, amma me mutum yake yi da waya a kunne kullum a gindin katangar wani? Mai Unguwa ya kalli Malam Buba, shi kuma ya ce a kunna, ba abin da yake ɓoyewa. Aka kunna saƙonnin murya. Da Fulatanci suke, Mai Unguwa yana ji don mahaifiyarsa Bafulatana ce, sai ya riƙa fassarawa. Na farko yayansa ne, yana cewa jar saniya ta haihu amma ɗan maraƙin ya ƙi kama nono, wane magani za a ba shi. Na biyu ma yayan ne, kan kuɗin dusa. Na uku muryar tsohuwa ce. Mai Unguwa ya saurara, ya fara fassarawa, cewa tana tambaya ko yara sun shiga makaranta, kuma tana ce masa ya zauna lafiya da mutanen gari, ya riƙa gaida maƙwabta. Sai ya tsaya, ya karɓi wayar daga hannun Garba ya kashe, ya ce ya isa haka, ba za a ƙara tona wa mutum cikin gidansa ba. Ya miƙa wa Malam Buba wayarsa da hannu biyu.

Nasiru ne ya tambaye shi dalilin zama a wannan wurin. Ya ce a cikin gidansa wayar ba ta kamawa, ya zagaya ko'ina, nan gindin katangar ne kawai saƙo ke fita, ga kuma inuwa. Nasiru ya ce daidai ne, don nan ne ke fuskantar dogon ƙarfen sabis na kamfanin waya da ke bakin tasha, ba gini a tsakani. Ya juyo gare ni ya ce mutumin da nake zargi ya riga ni gano inda ya kamata in ajiye na'urata.

Kafin ya tafi ya yi mini karatu, ni kuma na tsaya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ya ce a ajiye ta sama, kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis, a sarari, ba bayan kabad ba, ba kusa da firiji ko tulin kwanuka ba. A bar ta ta sha iska. A riƙa kashe ta ana kunnawa lokaci-lokaci. A hana wayoyi sauke bidiyo da kansu. In ana zargin wani ya hau, ga inda ake duba jerin, ba a dakali ake dubawa ba. Ya ce kuma ko an yi duk wannan, bayan magariba za ta ɗan yi nauyi don duk gari ne ke hawa a lokacin, haka in hadari ya taso, haka in data ta kusa ƙarewa, kuma duk ba wanda ya sace. In ɓera nake tsoro, in yi mata ɗan kanta na katako.

Mai Unguwa ya sallami jama'a, ya ce magana ta mutu, ya kuma aika wa mai gidan haya cewa ya janye. Ni kuwa kallo ɗaya ya yi mini ya fita.

Da ni mutumin kirki ne, da a nan tsakar gidan na nemi gafara. Ban yi ba. Na tsaya ina kallon ƙasa har Malam Buba ya sa takalmansa ya fita. Kwana tara na yi ina kewaye-kewaye. Na sa Sa'ade ta aika musu da tuwo da miyar kaza, aka karɓa aka yi godiya, aka maido kwano da nono a ciki. Na rubuta lambar sirrin a takarda na aika masa, wai ya riƙa amfani da ita kyauta, ya maido da ita a ninke yadda take. Na lura ƙofar gidansa ta langwaɓe, na tare shi a hanya na ce zan yi masa sabuwa ba ko kwabo. Ya tsaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mai Walda, ƙofata tana rufuwa. A kasuwa ne har yau mutane ba su tsayawa."

A nan na gane cewa waɗanda suka shiga gidana suka ga akwati ba su kai ashirin ba, waɗanda suka ji maganata kuwa sun fi ɗari, kuma ba wanda zai bi su ya warware sai wanda ya ƙulla. Na kuma gane wani abu game da kaina wanda ba daɗin faɗa: na fi iya zargin mutum da ke bayan katanga a kan in zargi abin da hannuna ya ƙera, musamman in fentin ya yi kyau. Yanzu in abu ya lalace a gidana, tambayar farko da nake yi ita ce me na taɓa a makon nan. Sau da yawa ba na kaiwa ga ta biyu.

Malam Buba yana nan a unguwarmu har yau. Ba zan ce mun zama aminai ba, don ban cancanci haka ba, amma muna gaisawa, kuma ciniki ya dawo masa sannu a hankali. Abin da ya dawo da shi ba tuwo ba ne. A rana ta goma, ranar kasuwa, na kwance akwatin daga bango na ɗaura a bayan babur, na je rumfar masu maganin dabbobi da hantsi lokacin da ta fi cika. Na sauke shi a gaban teburinsa. Mutane suka fara taruwa, wasu na murmushi tun kafin in buɗe baki, har da dattijon nan mai hatsi da ya yi mini tambaya a dakali. Na cire hulata, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a, ku shaida. Abin da na faɗa a kan Malam Buba ƙarya ne. Bai taɓa shiga na'urata ba, bai taɓa sauraron wayar kowa ba. Ga ɓarawon nan, ni na ƙera shi da hannuna. An tambaye ni abin da ban sani ba, na amsa don kada a ce ban sani ba, kuma na san abin da amsar za ta iya jawo mishi. Malam Buba, na zalunce ka, na tsorata iyalinka, na sa an kunna muryar mahaifiyarka a gaban mutane. Ba ni da abin da zan biya ka da shi. Don Allah ka yafe mini."